Rabin Karin Magana: Baƙuntar Galaga a Fagen Super Smash Bros.

Bahaushe idan ya ce «abin nema ya samu», sau da yawa nan yake tsayawa. Ba ya wahalar da bakinsa wajen ƙarasawa, don ya san mai saurare yana riƙe da sauran maganar a ransa: matar falke ta haifi jaki. Daɗin zancen yana cikin rabin da aka haɗiye. To amma idan aka wayi gari mai saurare bai san wane ne falke ba, bai kuma san abin da jaki yake tsinana masa a kan hanyar fatauci ba, karin maganar ba zai mutu nan take ba. Za a ci gaba da faɗinsa a bakin kasuwa da cikin aji, sai dai ya zama miyar da aka manta ba a sa mata gishiri ba.

Wannan damuwa ba adabin baka kaɗai ta shafa ba. Wasannin bidiyo, waɗanda malamai da iyaye da yawa suke ɗauka abin cinye lokacin ƴan makaranta, sun haura shekara 50 a duniya. Sun yi tsofaffi, sun yi jikoki, har sun kai matsayin da kowace fasaha take kaiwa idan ta manyanta, wato ta riƙa ambaton magabatanta a cikin sabbin ayyukanta. Misali mai kyau shi ne yadda wani tsohon wasan harbi na 1981, mai suna Galaga, ya riƙa leƙowa a cikin jerin wasannin faɗa na Super Smash Bros. tun daga 2014. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: da aka ɗauko baƙon nan daga gidansu, me aka taho da shi, me kuma aka baro a can?

Asalin baƙon

Kamfanin Namco na ƙasar Japon ne ya fitar da Galaga a 1981. A wancan zamani fitattun wasanni ba a cikin ɗaki ake yin su ba. Akwatuna ne dogaye, kusan tsayin mutum, da ake girkawa a gidajen wasa, mutum ya jefa tsaba guda, yen 100 a Japon ko santi 25 a Amurka, ya sayi rai uku. Idan rayukan sun ƙare, ko ya sake lalubar aljihu ko ya ba na bayansa wuri. Galaga kuwa ɗan gado ne. Kakansa shi ne Space Invaders, wanda kamfanin Taito ya fitar a 1978, inda maƙiya suke gangarowa sahu-sahu kamar sojoji a fareti. Ubansa shi ne Galaxian na Namco, a 1979, wanda ya ƙara launi, ya kuma sa maƙiyan suna ficewa daga sahu suna kawo sura kamar shaho. Shigeru Yokoyama ne ya jagoranci tsara Galaga, kamfanin Midway kuma ya rarraba shi a Amurka.

Tsarin wasan bai da wuyar ganewa. Allo baƙi ne, taurari suna gangarowa a kansa. A can ƙasa akwai jirgin mai wasa, wanda ba ya gaba ba ya baya, sai dama da hagu, kuma harsashinsa biyu kaɗai suke iya zama a sama a lokaci guda. Saboda haka wanda ya yi ta harbi barkatai zai iske bindigarsa ta yi shiru daidai lokacin da ya fi bukatarta. Maƙiyan ƙwari ne guda 40, suna shigowa ayari-ayari suna kewaye kafin kowa ya kama wurinsa: 20 masu kama da ƙudan zuma, 16 masu kama da malam-buɗe-littafi, sai manya guda 4 a sahun ƙoli. Waɗannan manyan su ake kira Boss Galaga. A nan za a ce musu madugai, tunda su suke jan ayarin. Madugu ba ya faɗuwa da harbi ɗaya. Na farko launinsa kawai yake sauyawa, sai na biyu ya kashe shi. A mataki na 3, da kowane mataki na huɗu bayansa, akwai zagayen gwaji inda ƙwari 40 suke wucewa ba tare da sun yi harbi ba, wanda ya kakkaɓo su duka ya sami maki 10,000. Idan wasa ya ƙare, allon yakan nuna wa mutum yawan harsashin da ya harba, da yawan wanda ya samu, da kashi nawa cikin ɗari ya dace. Inji ne mai yi wa mai wasa hisabi.

Duk wannan gyara ne a kan abin da magabata suka bari. Sabon abin da Galaga ya kawo, wanda ya sa har yau ake tunawa da shi, yana hannun madugu. Wani lokaci madugu yakan baro sahu shi kaɗai, ya sauko har kusa da ƙasa, ya tsaya cik, ya buɗe wani haske mai siffar mazurari. Jirgin da ya shiga cikin hasken nan sai ya kama juyi, a zuƙe shi sama, ya rikiɗe ja, a tafi da shi sahun maƙiya a matsayin fursuna. Mai wasa ya rasa rai ɗaya ke nan. Idan jirginsa na ƙarshe ne aka kama, wasa ya ƙare. Idan kuwa yana da saura, sai a ba shi wani jirgin, ya ci gaba da yaƙi yana kallon ɗan'uwansa a hannun abokan gaba. Nan ne dabarar take. Idan madugun da ke riƙe da fursuna ya sake kawo sura, aka harbe shi yana cikin saukowa, fursunan yakan kuɓuta, ya gangaro ya manne da jirgin mai wasa, su zama tagwaye masu harbi da baki biyu.

Da gwanaye suka gane haka, sai suka daina gudun tarkon. Suka riƙa miƙa jirginsu da gangan tun a matakin farko, kamar mai kai gonarsa jingina don ya sami jari. Jinginar nan kuwa tana da haɗari ta fuska uku. Harsashin da aka nufi madugu da shi yana iya samun fursunan, mutum ya kashe nasa da hannunsa. Idan an yi gaggawa aka harbe madugun yana zaune cikin sahu, fursunan ba ya dawowa gida, sai ma ya juyo ya kawo wa tsohon ubangijinsa hari. Ko an yi nasara ma, jirgi biyu a haɗe sun ninka faɗi, wurin kauce wa harsashi ya ragu. Garin neman gira ana iya rasa ido. Wannan shi ne zuciyar Galaga: yaro da tsabarsa guda a hannu, ana tambayarsa ko zai yarda ya yi asarar da yake gani yanzu saboda ribar da ba ta tabbata ba. Harbin ƙwari kowane wasa na lokacin yana da shi. Wannan tambaya kuwa Galaga ne ya yi fice da ita.

Gidan da ya sauka

Super Smash Bros. ya fito a 1999 a kan na'urar Nintendo 64. Masahiro Sakurai ne ya tsara shi a kamfanin HAL Laboratory, tare da Satoru Iwata, wanda daga baya ya shugabanci Nintendo. Hoton buɗe wasan ya faɗi manufarsa tun kafin a taɓa maɓalli: wani farin hannu ne yake zaro ƴan tsana daga akwatin kayan wasa a ɗakin yaro, ya jera su a kan tebur, su tashi su kama faɗa. Mario da Link da Kirby da Pikachu, kowa daga nasa labarin, sun haɗu a wuri guda kamar yadda yaro yake haɗa kayan wasansa ba tare da ya damu da asalin kowa ba. Ƙa'idar faɗan ta fi kama da kokawar sumo ta Japon. Ba ƙarar da ƙarfin abokin karo ake nema ba. Fitar da shi daga fage ake nema. Kowane bugu yana ƙara masa wani lissafi na kashi cikin ɗari, gwargwadon hawan lissafin gwargwadon nisan da bugu na gaba zai jefa shi, har ya fice ta gefe, ko ta ƙasa, ko ta sama.

Wasan farko ƴan faɗa 12 ne gare shi, dukansu ƴan gidan Nintendo. A 2008, a fitowar da ake kira Brawl, aka buɗe ƙofa ga baƙi daga wasu kamfanoni, Solid Snake na Konami da Sonic na Sega suka shigo. A 2014 wasan ya fito a kan na'urori biyu, 3DS da Wii U, kuma a wannan karo ma'aikatan Bandai Namco ne suka yi aikin ginawa a ƙarƙashin jagorancin Sakurai. Bandai Namco kuwa shi ne magajin tsohon Namco, bayan haɗewarsa da Bandai a 2005. Ta wannan ƙofa Pac-Man ya shigo a matsayin ɗan faɗa, ya kuma taho da kayan gidansu niƙi-niƙi. Fitowar Ultimate, a Disamba 2018, ta riƙe dukan waɗannan, aka yi ta ƙara mata ƴan faɗa har zuwa Oktoba 2021, adadinsu ya haura 80. Abin da ya fara a matsayin akwatin kayan wasan yaro ɗaya ya zama taron dangi na sana'ar gaba ɗaya.

A irin wannan taro ba kowa yake samun kujera ba. Akwai waɗanda aka ba matsayin ɗan faɗa, akwai waɗanda aka mai da garinsu fage, akwai waɗanda kiɗansu kaɗai ake ji. Akwai kuma kayan tsintuwa, waɗanda suke faɗowa a fage ba zato ba tsammani, kowa ya riga ya ɗauka ya yi amfani da su: sanda, bam, abinci, guduma. Aikinsu shi ne su dagula lissafi, su ba rarrauna damar kayar da gwani, a yi dariya. A wannan sahu aka ajiye madugun Galaga.

Fuskokin baƙon

Fuska ta farko ita ce ta kayan tsintuwa. Madugun yana faɗowa a fage, ɗan faɗa ya ɗauke shi ya jefa, sai ya tashi ya yi kewayensa irin na da, ya tsaya, ya buɗe mazurarin haske. Wanda hasken ya kama daga cikin abokan karo, za a yi sama da shi har a fice da shi daga allo, ya rasa rai ɗaya. Yana iya kuɓuta idan ya yi ta dannar maɓallai da sauri, kuma kuɓutar ta fi sauƙi ga wanda bai sha bugu da yawa ba. Ta fuskar siffa, dole a yaba wa masu aikin. Ba su sake wa madugun kamanni ba, ba su yi masa jiki mai tudu da kwari irin na sauran ƴan fagen ba. Sun bar shi a shimfiɗe, da ƴan murabba'an ɗigoginsa na 1981, da ƙararsa ta asali. Idan ya gifta a tsakanin jarumai masu inuwa da ƙyalli, sai ka ce tsoho ne ya shigo taron samari da rigar saƙi. Kowa ya gan shi ya san daga wani zamani ya fito. Sun kuma dace wajen haɗa ƙa'idodin gidajen biyu: a Galaga ana tafiya da fursuna sama, a Smash ficewa ta sama mutuwa ce. Ba a tilasta komai ba, ƙwarya ta bi ƙwarya.

Sai dai a nan ne aka tsaya a rabin magana. A gidansu, tarkon madugu tayin ciniki ne, mai wasa yana da zaɓin ya karɓa ko ya ƙi. A gidan da ya sauka, masifa ce kawai da ake jefa wa abokin gaba. Babu mai shiga hasken nan da gangan, domin babu abin da zai samu. Wanda ya kuɓuta ya dawo yadda yake, bai ƙaru da komai ba. Ba fursuna da ke zaune a sama ana kallonsa, ba jiran lokacin da ya dace a yi harbi, ba tsoron kashe naka, ba tagwaye. An ɗauko kamun, an baro fansar. Har wurin tsayuwar mai wasa ya sauya: a 1981 shi ne wanda ake kamawa, dukan darasin yana kan yadda zai ɗauki asararsa, a 2014 shi ne mai aika madugu ya kamo wani. Yaron da ya fara sanin madugu a wannan fage zai ɗauka wani mugun ƙwaro ne mai satar mutane, alhali waɗanda suka san shi a gidansu jiran saukowarsa suke yi.

Fuska ta biyu ba ta kai ta farko fitowa fili ba, amma ta fi ta riƙon amana. Kowane ɗan faɗa a Smash yana da hanyar cafke abokin karo kafin ya yi jifa da shi. Mafi yawansu hannu suke miƙawa. Pac-Man kuwa hasken madugu yake fitarwa daga tafin hannunsa, da launinsa da ƙararsa. A fitowar 2014 wannan cafka ta yi ƙaurin suna wajen nawa: idan Pac-Man ya buɗe hasken bai kama kowa ba, yakan daɗe a tsaye kafin ya iya kare kansa, abokin karo ya same shi a ɓagas. Masu wasa da shi sun yi ta kuka da haka, an kuma rage nawar a Ultimate. Amma wanda ya san Galaga zai ga cewa aibin nan gado ne. Madugu ma, lokacin da ya sauko ya tsaya yana haska tarkonsa, a lokacin ya fi sauƙin harbi. Mai kafa tarko yana cikin haɗarin tarkonsa. A nan an sami ɗan abin da ya tsira daga ruhin tsohon wasan, wato cewa hasken nan ba a buɗe shi kyauta. Wani abin lura kuma shi ne, a gasannin gwanaye al'ada ce a kashe kayan tsintuwa gaba ɗaya don kada sa'a ta rinjayi iyawa. Madugun da aka yi wa ado ba ya halartar irin wannan zama. Haskensa da ke hannun Pac-Man shi ne yake shiga.

Fuska ta uku tarkace ne na ambato. Pac-Man yana da wani makami da yake zaro abubuwa takwas bi da bi, waɗanda a wasansa na 1980 su ne ladan da ke fitowa a tsakiyar allo: ƴaƴan itatuwa biyar, da ƙararrawa, da mabuɗi, da wani ɗan jirgi mai launin rawaya da ja da shuɗi. Mutane da yawa suna ɗauka na Galaga ne. Na ubansa ne, Galaxian. Tun a 1980 Namco ya saka shi cikin Pac-Man a matsayin lada mai maki 2,000, ya sake fitowa a cikin Galaga kansa, ya kuma fito a Dig Dug na 1982. Wato abin da Smash ya ambata a nan, ambato ne tun asali. Kamfanin ya daɗe yana gaishe da kansa a cikin ayyukansa. Akwai kuma wata alamar tsokana da Pac-Man yake yi, inda yake ɗaga hannu wani ɗan hoto daga tsofaffin wasannin Namco ya bayyana, jirgin Galaga yana cikinsu. Akwai kiɗan wasan da aka sake tsarawa ana sa shi a fage. Waɗannan duka gaisuwa ce ta wucewa. Wanda ya sani ya yi murmushi, wanda bai sani ba bai rasa komai a faɗan ba.

Ambato da koyarwa

Ana iya auna wannan baƙunta da wata da ta riga ta. A 1995, da Namco ya kawo wasan faɗansa na Tekken a kan na'urar PlayStation, ya saka zagayen gwaji na Galaga a farkonsa, mutum ya riƙa harbin ƙwari kafin babban wasan ya gama shiri. Ɗan lokaci ne, kuma ba dukan wasan ba ne, amma hannun mai wasa yana kan jirgin, yana jin nauyin ƙa'idar harsashi biyu a yatsunsa. Smash kansa ya taɓa bin irin wannan hanya. A Brawl da fitowar Wii U akwai wani sashe da ake ɗanɗana wa mutum tsofaffin wasanni na ƴan mintoci, akwai kuma ƴan gumakan tarawa, kowanne da rubutaccen bayanin asalinsa. A Ultimate an cire sashen ɗanɗanon, an kuma maye gurbin gumakan da hotuna masu yawan gaske waɗanda ba sa ɗauke da irin wancan bayani. Baƙi sun ƙaru, gabatar da su ya ragu. Gidan ya cika da fuskoki, mai gida bai da lokacin cewa wannan wane ne, ɗan wane ne.

In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Akwai hanzarin da masu wasan za su iya kawowa, kuma ba na banza ba ne. Faɗan Smash na ƴan mintoci ne, mutum huɗu ko takwas suna tsalle a allo guda. Abin tsintuwa dole a gane aikinsa cikin ƙiftawar ido, in ba haka ba ya zama kaya. Jingina mai bukatar haƙuri da jira ba ta da masauki a irin wannan hayaniya. Baƙo raɓa ne, ba a tsammanin ya kafa gida. Sannan ambato, ko da rabi ne, ƙofa ce. Tsakanin 1981 da 2014 shekara 33 ne, akwatunan da ake jefa wa tsaba sun ɓace daga mafi yawan garuruwa, kuma yaron da aka haifa bayan 2000 ba shi da dalilin sanin Galaga in ba ya ci karo da shi a wani wuri ba. Wanda madugu ya sace shi sau uku a fage yana iya tambayar daga ina wannan abu ya fito. Wasan na asali bai ɓata ba: an kai shi na'urar Famicom tun 1985, yana kuma cikin tarin Namco Museum da ya fito a kan Switch a 2017. Silima ma ta yi masa irin wannan hidima, daga WarGames na 1983 zuwa The Avengers na 2012, inda aka kama wani ma'aikaci yana buga shi a bakin aiki.

Wannan hanzari karɓaɓɓe ne, amma yana da iyaka. Na farko, ƙofar ba don Allah kaɗai aka buɗe ta ba. Galaga dukiya ce ta kamfani, kuma kamfanin da ya mallake shi yana cikin waɗanda suka gina gidan da aka sauke shi. Kowace leƙowa talla ce, tana raya suna don a ci gaba da sayar da shi. Wannan ba laifi ba ne, amma yana bayyana dalilin da ya sa abin da aka fi kiyayewa shi ne abin da ido yake ganewa nan take, wato siffa da launi da ƙara, tunda su ne tambarin kaya. Ƙa'ida ba ta ɗaukuwa a hoto. Na biyu, cewa jingina ba za ta zauna a Smash ba, zato ne. Wasan yana da faɗan ƙungiya, biyu da biyu, yana kuma da kayan tsintuwa masu amfani da cutarwa a haɗe. Tuta ta musamman da aka aro daga Rally-X, wani wasan Namco na 1980, misali ce a kusa: wanda ya ɗaga ta dole ya tsaya ba kariya na ɗan lokaci, idan ya jure ba a buge shi ba ya sami ƙarin rai ko maki. Ashe gidan ya san cinikin haɗari da lada. Madugu ne kawai ba a ba shi damar kawo nasa ba.

Saboda haka hukuncin da ya dace da wannan baƙunta rabi da rabi ne. A matsayin aikin hannu, ta yi kyau: an girmama siffar tsoho, an sama masa aikin da ya dace da fagen, an kuma bar wata ƴar alama ta halinsa a hannun Pac-Man. A matsayin isar da gado, ta gaza a daidai wurin da gadon ya fi daraja. Wasan bidiyo ba a siffarsa yake ajiye ma'anarsa ba, a ƙa'idarsa yake ajiye ta, a cikin zaɓin da yake tilasta wa mai wasa ya yi. Wanda ya ɗauko siffar ya bar zaɓin, ya kawo kwalba ne ya baro turaren.

Malaman da ke koyar da adabi, da ƙungiyoyin da ke shirya bukukuwan al'ada, sun san wannan matsala da wani suna. Ana iya baje gurbin dara da ƴaƴanta a rumfar nuni, mutane su wuce su ɗauki hoto, ba tare da an zaunar da yaro ko ɗaya an nuna masa yadda ake jera uku a ci ɗan abokin wasa ba. Ana iya rubuta karin magana a bangon aji, a haddace shi don jarrabawa, ba a taɓa jin an jefa shi a cikin zance inda zai yi cizo ba. Nuni yana da amfaninsa, domin abin da ba a gani shi ake fara mantawa. Amma nuni rabin farko ne na magana. Rabi na biyu yana wurin wanda ya sani, kuma ba ya isa ga na baya sai an zauna an faɗa masa. Yaron da ya ga madugu ya sauko da haskensa ya ruga a guje ya yi daidai da abin da Smash ya koya masa. Sai ranar da wani ya zaunar da shi gaban tsohon wasan, ya ce masa ya tsaya cikin hasken ya jira, sannan zai ji sauran maganar.